Dardumar da Ba a Takawa

Shekara goma sha shida ina zaune a San Damián, tara daga ciki ina aikin sa-kai a motar asibitin 'yan kwana-kwana, amma har yau babu ranar da take ɗaga mini hankali kamar Juma'a Mai Tsarki. Ranar ce ake rufe mana gari. Titi goma sha ɗaya ake yi wa darduma da rinanniyar dusar katako, daga wannan baki zuwa wancan, kuma ba ƙafar mutum, ba ta kare, balle tayar mota, da za ta taɓa ta sai masu ɗauke da mutum-mutumin Yesu sun bi ta kai. Mu kuwa sai mu ajiye mota a bayan kasuwa, mu zauna muna roƙon Allah kada wani ya faɗi inda ba za mu iya kaiwa ba.

Sunana Ɗanlami, mutumin Birnin Kudu. Aikin irin masara ne ya kawo ni Guatemala, da aikin ya ƙare na buɗe shagon gyaran injin ban-ruwa na yi zamana. Mutanen garin sun kasa faɗin sunana, suka mai da ni Don Lami. Na yi kuskuren gaya wa Floridalma cewa a wurinmu Lami sunan mata ne, tun daga ranar ba ta sake kirana da wani suna ba.

Floridalma Cuc ita ce shugabar tawagarmu. Kaji take sayarwa a kasuwa, tsayinta bai kai ƙirjina ba, amma in ta buɗe baki ko jiniyar motarmu sai ta saurara mata.

Wajen ƙarfe goma na safiyar wannan Juma'ar muna bayan mota muna cin wainar masara da baƙin wake, sai oba-oba, wato rediyon hannunmu, ta yi ƙara. Titi na huɗu, gidan Tata Cleto, ciwon ƙirji, ya faɗi a zaure.

Floridalma ta ajiye wainarta. "Duk faɗin garin nan," ta ce, "ya rasa inda zai faɗi sai tsakiyar dardumarsa."

Obdulio direba ya kai mu iyakar inda mota za ta iya zuwa, wato kwanar shagon magani. Daga nan zuwa ƙofar gidan bai wuce taku hamsin ba. Na saɓa allon da muke ɗaure mara lafiya a kai, ita ta rungumi jakar magani da tukunyar iska, muka hau dakalin gefen titi. Faɗin dakalin nan kamu ɗaya ne, ga ƙarafunan tagogin gidaje sun turo ciki waje, dole mutum ya bi a gicciye kamar ƙaguwa. Ga kuma jama'a sun manne da bango suna jiran wucewar ayari, sai ba da haƙuri muke muna gugar cikin mutane.

Ina cikin fushi, amma sai da na kalli ƙasa. Duk shekara ina cewa ba zan kalla ba, duk shekara ina kallo. Dardumar Tata Cleto ta fi ta kowa. Ya yi koren tsuntsu mai doguwar jela, kowane gashi da nasa launin, ya kewaye shi da zangarniyar masara, fara da ja da baƙa, har za ka rantse in ka miƙa hannu za ka ɓantaro ƙwaya. Gefen duka ruwan ɗorawa ne, a miƙe sambal. An yayyafa mata ruwa don kada iska ta kwashe, sai sheƙi take yi a rana tana ƙamshin ɗanyen katako. Duk wanda ya sa hannu a aikin, sati guda rinin yake yi bai fita daga fatarsa ba.

Muka same shi a zaure, jingine da buhunan dusa. Anacleto Sipac sunansa, tsohon kafinta, amma kowa Tata Cleto yake ce masa. Gumi ya jiƙa masa riga, leɓensa ya yi fari, hannu ɗaya a dafe da ƙirji. Matarsa Nana Eusebia tana durƙushe tana yi masa fifita da malfarsa. Floridalma ta kama wuyan hannunsa, ta ba shi ƙwaya ya tauna, ta sa masa abin shaƙar iska, sannan ta ɗago ta yi mini irin kallon da na sani.

"Zuciya ce," ta ce a hankali. "Awa ɗaya muke da ita, in an tausaya mana."

Na leƙa waje. Mutum ɗaya ma da ƙyar yake bin dakalin nan, balle mutum biyu da allo a tsakani. Bayan gidan kuma kwazazzabo ne mai zurfi, ko akuya ba ta bi. Hanya ɗaya ce ta rage, tsakiyar titi.

Floridalma ta yi alamar gicciye, ta ja ni gefe. "Don Lami, kai ba addininmu kake yi ba. In kai ka taka, ba za a rubuta maka ba. Goya shi ka ruga."

"Au, yau kuma arnancin nawa ya yi rana?"

"Ni ban ce arne ba, kai ka faɗa. Yi sauri."

"Kawo shi," na ce. "Dusa ce fa. A garinmu ƙarƙashin kaji ake zuba ta."

Ashe tsohon yana ji. Kafin in sunkuya ya miƙa hannu ya cafke ƙarfen sakatar ƙofa, ya janye abin iskar daga bakinsa.

"Ɗana," ya ce, "ka ajiye ƙafarka inda take."

"Tata, mutuwa za ka yi."

"Na ji. Ka ajiye ƙafarka."

Babu wanda bai san labarin a garin ba, ni ma na san shi, fushi ne ya mantar da ni. Shekarar babbar girgizar ƙasa, watansu biyar da aure, bangon ɗaki ya rufta a kan Eusebia. Yini biyu yana tono da hannunsa har faratansa suka fita. A wurin tonon ya yi alkawari: in an bar masa ita, duk shekara zai shimfiɗa hanya a ƙofar gidansa, kuma ba ƙafar da za ta riga ta Yesu hawa. Aka zaro ta da rai. Shekara arba'in da bakwai ke nan bai fasa ba, kuma ya yi imani har cikin ƙashinsa cewa ranar da aka taka dardumar nan kafin lokaci, ranar za a karɓe ta.

Nana Eusebia ta daina fifitar. "Saki ƙofar nan, tsoho."

"Ba ruwanki."

"Ba ruwana? Raina ne ko naka? Na ci shekara arba'in da bakwai na gyara, na aurar da 'ya'ya huɗu, haƙorana sun zube. Me kake adanawa?"

"Wa zai dafa mini wake in kin tafi?"

"Wa zai ci in ka tafi, mai taurin kan jaki?"

Ya so ya yi dariya, ciwon ya murɗe shi, ya runtse ido. Amma hannun nan bai saki ƙarfen ba. Na gwada ɓamɓare yatsunsa, wallahi kamar an yi musu walda. Floridalma ta buge mini hannu, ta ce in na ci gaba da kokawa da shi a nan zuciyar za ta tsaya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ji haushinsa, na ji haushin garin, na ji haushin kaina da na bar shagona na zo ina roƙon mutum ya yarda a cece shi. Na ce wa Floridalma mu jira ayarin ya wuce mana, tunda an ce yana kusa. Ta girgiza kai. Daga masu turare zuwa 'yan badujala zuwa jerin matan da ke biye, ayarin nan awa guda yake yi kafin ya saki titi ɗaya. A lokacin ne muka fara jin ganga daga gangare, bugu ɗaya, shiru, bugu ɗaya. Saura titi ɗaya su iso.

Sai wani ya cika ƙofar da doguwar riga shunayya. Nicomedes Ajquí ne, mai gidan burodi, wanda injin rijiyarsa ya fi kowane a garin ba ni wahala. Shi ne shugaban rukuni na goma sha huɗu na masu ɗauka, waɗanda ke jira a kwanar ƙasa. Abin da ake ɗora mutum-mutumin a kai, anda suke ce masa, katako ne mai tsawon babbar mota, mutum tamanin ke sa masa kafaɗa, kuma a kowace kwana sabon rukuni yake karɓa. Tun watanni kafin ranar ake auna kafaɗar kowa da sanda a coci, a haɗa masu tsayi ɗaya wuri ɗaya, don kada nauyi ya danne wani ya bar wani. Nicomedes ya taɓa auna tawa don tsokana, ya ce ba ni da abokin ɗauka a garin nan sai turken lantarki.

Yau kam ba wasa a fuskarsa. Ya kalli Tata Cleto, ya kalli hannun da ke riƙe da sakata, bai tambayi komai ba. Ya juya ya kalli dakalin daga ƙofar har kwanar shagon magani, leɓensa na motsi yana lissafi.

"Kafaɗa tamanin gare ni," ya ce, "duk tsayi ɗaya. Za su kai."

Floridalma ta riga ni ganewa. "Naku ɗaukan fa, Don Nico? Wannan titin ne naku."

"Waɗanda ke ƙarƙashinsa yanzu su ƙara titi ɗaya."

Na san abin da ya faɗa ba ƙarami ba ne. Shekara guda mutum yake jiran wannan minti goman. Akwai masu dawowa daga ci-rani a Amurka saboda shi kawai, akwai waɗanda suka gaji gurbin daga iyayensu. Waɗanda za a ce su ƙara titi kuwa, sun riga sun hau gangare da shi, gwiwoyinsu na rawa.

Nicomedes ya durƙusa gaban tsohon. "Tata, ba wanda zai taka. Na ba ka kalmata. Sai dai ka bi ta sama."

Tata Cleto ya daɗe yana kallonsa. Sannan yatsun suka saki ƙarfen ɗaya bayan ɗaya. Ya juya ga matarsa. "Ke ki tsaya. Ki gani da idonki har ayarin ya wuce."

"Na ji."

"Kada ki biyo ni."

"Na ce na ji, tsoho."

Nicomedes ya fita ya buga sandarsa a dakali sau uku. Ban san yadda magana ta bi titin nan ba, don ban ji an ɗaga murya ba. Sai kawai na ga ƙofofin gidaje suna buɗewa, masu gida suna jan 'yan kallo ciki, har dakalin ya zama wayam. Floridalma ta ɗaure tsohon a allo da ɗamara huɗu, ta cusa ƙaramar tukunyar iska tsakanin ƙafafunsa, ta ce mini in na kayar da shi in nemi wani garin, sannan ta yi gaba a gicciye don ta tare shi a mota.

Sai ga su suna tahowa daga kwanar ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, duk cikin shunayya. Na san fiye da rabinsu. Ga mahauci, ga malamin makaranta, ga wanzami, ga wanda na taɓa ɗauka a buge daga cikin kwata. Suka wuce ƙofarmu suka jeru har kwanar shagon magani. Kowa ya juya ya fuskanci bango, ya kama ƙarfen taga ko ya dafa gini, ya sunkuyar da kai, ya turo bayansa waje, kafaɗa na gugar kafaɗa. Yatsun ƙafarsu kawai ke kan dakali. Dugadugansu a iska suke, tsakaninsu da gefen ruwan ɗorawar nan bai fi faɗin tafin hannu ba.

Ni da Nicomedes muka ɗaga allon daga cikin zaure muka aza a kan kafaɗun farko. Na ce bismillahi, ya ce nasa, muka saki.

Gangar nan tana ta matsowa, bugu ɗaya, shiru, bugu ɗaya. Da bugun farko sai duk layin ya karkata hagu tare, irin rangajin da suke yi in suna ƙarƙashin anda, hannaye suka ɗago ta bayan wuya suka tura, allon ya zame gaba. Suka dawo dama, suka jira ganga. Bugu na biyu, ya sake zamewa. Ko kaɗan bai karkace ba. Da a ce an ɗora kofin shayi a kan cikin Tata Cleto, ɗigo ɗaya ba zai zube ba. Yana kwance fuskarsa na kallon sama, rabin allon a kan mutane, rabi a saman koren tsuntsunsa, yana tafiya a hankali kamar kwale-kwale a ruwan da ba iska.

Titin ya yi tsit, sai ganga da numfashin mutum tamanin. Mata a tagogi sun haɗa hannu a ƙirji. Wani tsoho a cikin layin ƙafarsa ta fara karkarwa, na ga na kusa da shi ya zura hannu ya riƙe masa ɗamara ba tare da ya ɗago kai ba. Ni dai ina tsaye a bakin ƙofa, tsigar jikina a tashe, hawaye na zuba ban san lokacin da suka fara ba. Na ɗauki mutane a motar nan ba adadi, ban taɓa ganin an ɗauki mutum haka ba. Abin da na ji bakina yana maimaitawa shi ne Allahu Akbar.

Oba-oba ta yi ƙara a ƙuguna. "Mun karɓe shi," in ji Floridalma. "Yana numfashi. Ba za mu jira ka ba, ka taho da Nana in an wuce." Obdulio bai kunna jiniya ba sai da ya yi nisan titi biyu.

Da na sauke ido ne na gani. Daidai bakin ƙofar, a gefen ruwan ɗorawar, wuri ɗaya ya lotsa, dusar ta ɗan baje. Ni ne na tsaya a wurin lokacin da muka ɗaga allon, kuma ƙafata, Allah ya sani, ba ƙarama ba ce. Na saci kallon Nana Eusebia, tana tsaye a bayana ta naɗe hannu cikin mayafi tana kallon gangare. Na matsa na tare wurin da jikina.

Hayaƙin turare ya fara shigowa titin, sannan anda ta karyo kwana. A kwanar masu ɗauka suka tsaya suna jiran a karɓe su, ba su ga kowa ba. Wani ya yi wa na gaba raɗa, raɗar ta bi layi. Sai na ga sun gyara kafaɗa, sun cije, sun tako. Jijiyoyin wuyansu sun miƙe, rigunansu sun yi sharkaf, wani yana tafe idonsa a rufe, amma ba wanda ya fita daga layi. 'Yan rukuni na goma sha huɗu suna manne da bango suna kallon rabonsu na shekara yana wucewa a kafaɗar wasu. Ƙafa ɗari da sittin suka bi ta kan tsuntsun Tata Cleto, kafin ka ce me ya koma dusa mai launin ƙasa.

Sai bayan azahar muka samu mai keke mai ƙafa uku ya kai mu babban asibiti. Floridalma ta tare mu a ƙofa, ta ce an buɗe masa jijiyar da ta toshe, zai tashi, kuma tun da ya farfaɗo yake damun ma'aikata da tambaya ɗaya. Muka shiga. Ya yi ƙanƙanta a gadon, hannuwansa masu rini a kan farin zane.

"Ya wuce?" ya ce.

"Ya wuce," in ji Nana Eusebia.

"Ba wanda ya taka?"

"Wa zai taka, tsoho? Rufe bakinka ka yi barci."

Ya lumshe ido, fuskarsa ta saki. Da muka fito ta zauna a benci, na tsuguna a gabanta, don abin ya fi ƙarfin in haɗiye.

"Nana, ki yafe mini. Akwai wurin da ya lotsa a bakin ƙofa tun kafin su iso. Ina jin ni ne na taka."

Ta kalli takalmina, ta kalle ni. "Kai? Da wannan kwale-kwalen? Da kai ne ai da rabin masarar ta tafi."

Ta waiga hagu da dama, ta sunkuya ta zare baƙin takalmin robarta na dama, ta ɗan juyo mini tafin ƙafar. Daga dunduniya har yatsu ruwan ɗorawa ne shar.

"Lokacin da kowa ke kallon sama," ta ce. "Na cire takalmi na taka da kyau, sannan na share sawun da hannu."

Na miƙe na zauna a gefenta.

"Shekara arba'in da bakwai yana tsare mini rai da dusa, yau kuma zai ba da nasa a kai. Sai na ce, Ubangiji, ka gani, ni na taka da ƙafata, ba wani ba. In ɗaya za ka ɗauka yau, ga ni, ka bar mini tsohon nan." Ta mai da takalmin, ta gyara zama. "To, ga shi an bar shi. Saura ni, sai mu ga abin da za a yi da ni."

"Nana, ba abin da zai same ki."

"Kai ka sani? Ka dai rufe bakinka. In ya ji, abin da likita ya gyara zai sake lalacewa." Ta ɗan yi tunani. "Sati guda rinin nan yake yi. Zan riƙa kwana da safa, in ce masa sanyi nake ji."

Ta miƙe ta ce tun safe ba ta sa komai a cikinta ba, in raka ta tsallaken titi ta sha kunun masara. Muka fito bakin asibiti, motoci na ta wucewa. Ni da na ce dusa ce, sai ga ni na kama hannunta gam, na duba hagu, na duba dama, na sake duba hagu, na ƙi yarda mu tsallaka har sai da titin ya zama ba ko keke.